Kada A Taɓa

Ranar Asabar na rufe gareji tun kafin la'asar,
na wanke hannu da omo sau uku, har da toka,
baƙin mai ya ce shi da farcena mutu-ka-raba.
Na sa farar shaddar da nake ajiye wa ɗaurin aure.
Bappayo, yaron shagona, ya ce, Oga, sai ina haka?
Na ce kallo za ni. Ban ƙara masa komai ba.

Daga Jekadafari mai keke ya ɗauke ni,
rana tana dukan kwalta kamar da gayya.
Ramlatu ce ta aiko da kati mai ruwan zinariya:
baje kolin zane da ƙira, a zo a gani.
Shekara huɗu ina biyan kuɗin makaranta,
ina tambayar uwarta a ɓoye,
wai zanen nan ana cin tuwo da shi?
Har yau ba ta ba ni amsa ba.

Zauren sanyi ƙalau kamar cikin randa.
Bango fari fat, kowane hoto da fitilarsa,
mutane na takawa sannu, hannu a baya,
ana magana ƙasa-ƙasa kamar an zo dubiya.
Ga wata mai tallan nono, fuskarta shuɗiya.
Ga kwalekwalen Dadin Kowa, babu ruwa a ƙarƙashinsa.
Wani kuwa ja ne kawai aka watsa kan baƙi;
na karkata kai dama, na karkata hagu,
wani mai tabarau a gefena yana ta gyaɗa kai,
ni ma na gyaɗa, kar a ce ban gane ba.

Sai can ƙurya, bayan wata jar igiya,
ga shamuwa tsaye da ƙafa ɗaya, ta fi ni tsawo.
Na matsa. Gabana ya faɗi.
Wuyan nan salansar fijon Alhaji Manu ce,
wadda ta ƙone ni a dantse, ga tabon har yanzu.
Fukafukan, faifan kuloci da sarƙar babur.
Idon, noti mai lamba goma sha bakwai.
Bakin kuwa filayata ce mai jan mariƙi,
wadda na yi wata guda ina nema,
na tsare Bappayo da rantsuwa har ya yi hawaye,
ashe yaron bai ɗauka ba.

Hannuna ya tafi da kansa, yadda ya saba.
Mai gadi ya yi gyaran murya: Baba, duba allo.
Na duba. Kada a taɓa.
Ni?
Shekara ashirin da shida ina juya ƙarafan nan,
na san wanda ke gardama da sanyin safiya,
na san wanda sai an lallashe shi da guduma.
Ni na watsar da su bayan shago, awaki na hawa kai,
ko ɗan gwangwan bai taya ba.

Yau an ba su fitila, an ba su mai gadi,
ga sunan 'yata a ƙasa, da nawa biye da shi.
Ta zo ta tsaya kusa da ni, tana ƙamshin turare,
amma na ga tafin hannunta: kanta, da ƙunar walda biyu.
Ta ce, Baba, yaya ka gani?
Na ce, waldar gwiwar nan ta yi kauri,
da kin rage wuta kaɗan.
Ta yi dariya har ta dafa kafaɗata.
Abin da ya tokare mini maƙogwaro daban ne,
bai sami hanyar fita ba.

Da magariba hadari ya haɗo daga gabas.
Na sauka bakin shago, na daɗe gaban tulin ƙarafa,
ina neman wane ne zalɓe, wane ne jimina.
Gobe zan ba Bappayo haƙuri, in saya masa tsire.
Filaya kuwa ta zama baki, ta tafi ke nan,
ban ce a dawo mini da ita ba.