Tudun Saigobe

Iya Gwamma ta ce jaki ne ya sari garin nan,
ba sarki ba, ba waliyyi ba:
jakin kakanta, Jibo ɗan Barmo,
da ya ɗauko huhun goro biyu daga Kumasi,
ya hau tudu da la'asar sakaliya,
ya durƙusa, ya ƙi tashi.

Ayari ya kwana ɗaya. Madugu ya ce
hanyar Salaga ba ta jiran gurgu.
Jibo ya ce, ku yi gaba,
ni sai gobe.

Wata Batoniya mai gona a gindin tudun, Ajuwa,
ta riƙa hawo masa da gasasshiyar ayaba da gyaɗa.
Kullum ta nuna arewa da haɓa,
kullum ya ce mata sai gobe.
Ita ta ɗauka sunansa ke nan,
haka ta kai shi kasuwa, haka kasuwa ta riƙe.
Jaki ya warke, ya tsufa, ya mutu.
Goro ya zama ice a huhu.
'Ya'yansu bakwai.

Tela Ofori ya rantse ba haka ba ne,
wai sunan wani tsuntsun kurmi ne a bakin kakanninsa.
Iya ta ce ya kamo mata tsuntsun.

Zancen ofis kuwa, ruwa ne ya yanke shi.
Da aka tsaga gunduma, mutanen kwari suka ci:
su ke da tasha, su ke da sikelin koko,
su suka yanka sa ranar aza harsashi.
Mu aka bar mu da iska da jar ƙasa.
Damina ta fari, rafi ya shiga ta taga.
Kwana uku rasiɗin haraji
na shanye a rassan koko kamar wankin jego.

Disi ya hauro da ƙafa,
wando a naɗe, takalmi a hannu,
yana neman ɗaki busasshe.
Kawu Ɗanlami ya share masa rumbun goro,
aka ɗaura tuta a reshen mangwaro,
aka ce na wata uku ne, kafin a gyara ƙasa.
Bana shekara arba'in da ɗaya.
An yi bene, an yi kotu, an yi kwalta,
takardun haihuwarmu har yau suna ƙanshin ganyen fita.
Mutanen kwari na hawowa da haki
su biya kuɗin lasin, ba sa gaishe mu.

Yau ni ce a benci tun hantsi,
takardar filin Iya a cinya,
ita kuwa tana bayan masallaci, kusa da Jibo.
Akawu ya duba agogo, ya kulle hatimi a aljihun tebur,
ya ɗago ya ce, Saigobe.
Na tsaya ina kallonsa.
Ban sani ba, adireshina yake karantawa
ko amsa ya ba ni.