Haƙoran Baya

A Huntington, bakin kogin Ohio,
titunan da ke hawa tudu ba sa jin magiya.
Kullum safiya ina jan tirela,
injinan yankan ciyawa biyu, buhunan taki, tsani,
a-kori-kurata tana nishi kamar ta haɗiyi ƙashi.

Orville Tackett, bakanike mai gemu ruwan toka,
ya kwanta ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa ƙoƙon ƙarfen
da ke tsakanin tayoyin baya.
Kabewa suke ce masa a nan.
Ya ce, "Injinka garau yake, Mamuda.
Haƙoran ciki ne aka ƙera don mai yawon shan iska.
Uku da talatin da ɗaya gare ka.
Sa huɗu da goma, ka ga akuya a kan dutse."

Na dawo gida na zaro takardar garanti,
har yanzu da ƙamshin ranar saye.
Shekara biyar ko mil dubu sittin,
duk wanda ya riga isowa.
Saura mini dubu sha tara.
A shafi na sha ɗaya, rubutu siriri kamar sawun kiyashi:
in hannun da ba namu ba ya sauya wani abu,
abin da ya biyo baya naka ne.

Saratu ta sauke tabarau.
"Shekara guda ce fa. Bari ta cika."
Na ce ciyawa ba ta san garanti ba,
tudu kuma bai iya karatu ba.
Ta ce, "To. Wanda ya sayi rariya dai."
Ba ta ƙarasa ba, ta koma kan lissafinta.

Kwana tara ina juyi bisa katifa.
Ran Asabar na ƙirga dala dubu da ɗari huɗu.
Na tsaya ina kallo ya kwance noti goma,
baƙin mai ya tsiyayo, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Ya miƙo mini tsofaffin haƙoran a cikin tsumma.
"Adana su. Wasu kan mayar da su a ɓoye
kafin su je wurin dila da fuskar marayu."
Na yi dariya. Na kuma adana.

Litinin, wayyo Litinin!
Na ɗan taɓa totur, tudu ya rusuna.
Tirela ta biyo ni kamar bashi.
Sai da na hau babban titi
inji ya fara ihu, tanki ya koyi ƙishirwa,
maleji na rantsuwa saba'in da huɗu
alhali sittin nake.

Ganye ya zube. Wani kuka ya taso daga baya,
siriri, daidai mil hamsin,
kamar sauro ya shige kunnen ƙarfe.

A garejin dila, wani yaro, Colby, ya haska tocila.
Gam shuɗi ya zagaye bakin kabewa,
na kamfani kuwa baƙi ne.
Ya ce, "An taɓa buɗe nan?"
Tsumman nan yana bayan kujerata.
Da na biya wurin Orville da daddare,
da yanzu ni ma maraya ne.
Harshena ya yi nauyin jek.
Na ce, "Ni na sa."
Ya danna maɓalli uku, bai ko ɗago ba,
alkawarin dubu sha ukun da ya rage
ya fita daga tayoyin baya kamar iska.

Ban gyara ba tukuna, sai ƙanƙara ta narke.
Idan kukan ya taso nakan rage rediyo,
in saurara, tunda da kuɗina na saya.

Saratu ba ta ce komai ba har yau.
Ta dai ɗauki babban zoben haƙoran,
ta wanke shi da sabulun kwano,
ta tokare ƙofar kicin da shi.
Kowace asuba sai na yi tuntuɓe.