Ƙarfe Uku a Kan Bututu

Babana Eilert kafintan jiragen ruwa ne a Lofoten.
Shekara arba'in da tef ɗin awo a ƙugunsa,
mai ruwan ɗorawa, lambobinsa har sun koɗe.
Ran da ya ajiye aiki
ya shimfiɗa shi a benci, ya sa almakashin kwano,
ƙyas, ƙyas, ya datse shi gida uku.
Na ce, Baba, abin da ya ciyar da mu?
Ya ce, bai gama aiki ba, Torunn, riƙe min nan.

Dogon yanki a baya,
matsakaici a tsakiya, an tsaga shi, waya ta shiga tsakani,
gajeren a gaba kamar yaron da aka aika.
Duk a jere kan farin bututun famfo,
sai ka ce ƙashin kifin da aka cinye tsokarsa.
Ya jona wa oba-obarsa,
'yar rediyon da ba ta wuce tafin hannu ba,
wadda da 'yar sandarta ta roba
ko ƙauyen bayan dutse ba ta kaiwa.

Ba ƙarfi eriyar ta ƙara ba, in ji shi,
batirin nan shi ne na jiya.
A da muryata malala take kamar ruwa a daɓe,
rabi ga teku, rabi ga tumakin Oddvar.
Yau na haƙa mata magudana.
Mai son jin nesa, 'yata,
dole ya ba wani abu baya.

Muka hau tudu, bayan rumfunan shanyar kifi,
iska na yankan kunne.
Da 'yar takarda a aljihunsa:
tauraron ɗan'adam zai ɓullo ta kudu maso gabas,
minti goma sha ɗaya, ya faɗa arewa.
Ya ɗaga bututun ya nuna inda babu komai.
Shuuu.
Ya murza wuyan hannu.
Shuuu, ƙarrr,
sai ga muryar wata mata daga Sifen,
siririya kamar zaren da aka ja ta kafar allura.
Ta faɗi haruffan kiranta, ya faɗi nasa.
Ina jin ka. Ina jin ki.
Dutse ya haɗiye tauraron.

Na ce, shi ke nan? Duk sanyin nan?
Ya yi dariya har gemunsa ya zubar da ƙanƙara.
Ya ce, da mahaifiyarki ma da haka muka fara.

Shekara tara ke nan.
Kunnensa na hagu ya mutu, na dama na bin sawu.
In gida ya cika, cokula na kaɗa faranti,
jikoki na rigima kan kujerar bakin taga,
duniya ta zame masa shuuu.
Sai in ga ya juyo,
ba kai kaɗai ba, har kafaɗa, har kujera,
sannu, sannu, yana lalube,
ya ba talabijin baya, ya ba miya baya,
har maganata ta faɗa masa daidai.
Daga nan ba ya ko motsi.

Kafaɗarsa ba ta ɗaga bututun yanzu.
Ni ke riƙewa a kan tudu,
babban yatsana kan lamba talatin da takwas,
inda tsatsa ta soma ci.
Rediyon na kunnena, idonsa na fuskata.
In na yamutsa goshi, ya ce, hagu kaɗan.
In gira ta ɗaga, ya miƙo hannu.

Jiya ba mu samu kowa ba.
Muka sauko, tef ɗin na lanƙwasa a iska yana miƙewa.
A bakin ƙofa ya duba takardarsa, ya ce,
akwai wani ƙarfe shida saura kwata.
Ki sa safar hannu.