Tsakanin Hawa na Uku da na Huɗu

Baba ya bar min bene mai hawa biyar a Kantin Daji,
da makullai talatin da ɗaya,
da wata tsohuwa mai tari a cikin bango.
Lifta ce. Ta girme ni da shekara shida.
Jirgin ƙasa ya kawo ta, zamanin da auduga ke da daraja,
zamanin da jiniyar masaƙa ke tayar da Gusau daga barci.

A ƙirjinta akwai ɗan allon tagulla,
sunan maƙeranta da lambar waya guntuwa.
Na aika musu wasiƙa, wasiƙar ta dawo.
Ɗan ƙanwata ya duba a wayarsa ya ce,
Inna, wurin nan yanzu gidan burodi ne.

To, sai Nomau.
Shi kaɗai ya san yarenta a faɗin garin nan.
Yakan hau ɗakin inji da tocila a baki,
ya kara kunne kamar mai sauraren ciki,
ya ce, birki ne, ko ya ce, yau fushi kawai take.
Da kwil ya ƙone, ya warware wayar tsohuwar fanka
ya naɗa da hannu, yana ƙirga zagaye da ƙwayar gyaɗa,
kowane ɗari ƙwaya guda.
Ya je Panteka sau uku da ƙarfe a aljihu,
an ƙera masa mai kama da shi, kama da wane ba ta wane,
amma ta karɓa, ta yi wata bakwai.

Na tambayi kuɗin sabuwa.
Yaron ya rubuta a takarda, bai iya faɗa da baki ba.
Hayar gidan duka, shekara tara,
in ban ci ba, in rufi bai yi yoyo ba.

Ran Laraba ta tsaya tsakanin na uku da na huɗu
da Malam Jaɓɓi a ciki, tsohon tafintan kotu,
mai gwiwar da ba ta lanƙwasa ko a sallah.
Minti arba'in ina magana da shi ta ramin ƙofa.
Ya ce, Hajiya, kar ki damu, na saba jiran hukunci.
Na yi dariya, hannuna na rawa a kan ƙarfe.
Muka juya ƙafar injin da hannu, ni da maigadi da Nomau,
taƙi bayan taƙi, har takalmansa suka bayyana.

Daren nan Nomau ya miƙo min littafinsa,
bangon ya sha baƙin mai, zanen wayoyi ja da shuɗi.
Ya ce, idona ya fara haɗa ja da ruwan ƙasa,
yaran da na koya wa duk sun koma sola.
Igiyar kuma, na ƙirga, zare huɗu sun tsinke.
Ban ce masa komai ba. Ran mutum ba ya da safaya.

Da safe na sa kwaɗo a ƙofarta.
Mai ɗinki ya ce a rage haya, na rage.
Likitan haƙori ya kwashe kujerarsa ya tafi.
Ofishina na ƙasa, mai sanyi, mai kallon titi,
na ba Malam Jaɓɓi, na kwashi takarduna na hau nasa.

Matakala saba'in da takwas.
Nakan huta a na uku, daidai inda ta saba tsayawa,
in dafa bango, in ji iska na yawo a raminta.
Masu sayen ƙarfe sun zo jiya da sikeli.
Na ce su dawo bayan damina.
Asusun da na buɗe mata ya kai kuɗin ƙofa ɗaya,
saura huɗu, da inji, da igiya.