Gidan Dara

Kwamfutar ba ta kai tafin hannuna ba,
ko riga ba ta da ita, koriya shar, haƙora arba'in a waje.
Na ɗora mata ɗan allon da na yi oda daga Legas,
mako uku yana hanya.
Na kunna.
Fari fat, kamar nono a ƙwarya.
Ba harafi, ba ɗigo.

Abin da nake so kaɗan ne:
ta riƙa faɗa wa Baba zafin rumbun albasarsa na Kwalkwalawa
tun kafin wari ya faɗa masa.

Caja na fara zargi.
Na aro ta Arzika mai gyaran waya, ta asali ce, in ji shi.
Fari.
Na ƙirga haƙoran da tsinken tsintsiya
ko na zame da ɗaya. Ban zame ba.
Na hure, na goge, na mayar.
Fari.
Na zauna sauke sabuwar manhaja,
data ta ƙare a kashi tamanin da bakwai,
wuta ta bi bayanta.

Bazara a Mabera, ɗayan dare,
fanka ta tsaya, gumi na ɗiga kan tabarma.
Baba ya leƙo da buta a hannu:
"Luba, madubin naki har yanzu bai ga kowa ba?"
"Haske yana yi, Baba, magana ce babu."
"To bai mutu ba. Matacce ba shi haske.
Bincika wa ya hana mai baki."

Da wuta ta dawo na jona ta da tsohuwar talabijin,
na buɗe fayil ɗin saiti, ina bi layi-layi
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Layi na hamsin da biyu, ga sunan allona, ba kure.
Sai dai a gabansa wata 'yar alama,
kara biyu tsaye, biyu kwance,
gidan dara.
Nufinta: a gani, a wuce.
Kwana huɗu ana tsallake sunansa.

Dannawa ɗaya, na share ta.
Na kashe, na kunna.
Farin ya koma baƙi,
ban taɓa murna da duhu haka ba,
sai rubutu ya gangaro kamar ayarin tururuwa,
sannan lamba: talatin da takwas.

Ba a yi kiran farko ba tukuna.
Baba ya gyara tabarau, ya duba, ya daɗe.
"Talatin da takwas? Wannan ai ko ni na sani."
Ya koma ya kwanta.