Hoton da Ban Ɗauka Ba

Ran Talata bayan la'asar, a Rafindadi,
motoci uku suka toshe mana lungu.
Baba Ilu na kan benci a bakin shago,
keken ɗinkinsa shekara tara bai yi tari ba.

Nafi'u ya fito, shadda na ƙara,
ɗan gidan Barau mai gyaran rediyo,
wanda na sha goyo yana zubar da majina.
Yau fuskarsa ce a kowane bango
daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga,
tana wani murmushi da ban san shi da shi ba.

Ya durƙusa. Baba ya ce, "Tashi.
Don a daina wannan aka farfasa mini baya."

Aka miƙo mini waya, wai in ɗauke su.

"Baba, albarka na zo nema."

"Albarka ko hoto?
Mu da ƙafa muka yi ta, da ƙuli-ƙuli a aljihu,
keke guda mu uku, har Mashi, har Ingawa,
gari ya ji muryarmu ya ja ƙyaure.
Bulala goma sha biyu don na ƙi tuɓe takalmi,
wata shida ina kwasar bahayar gidan yari.
Kai wa ya taɓa marinka saboda talaka?
An ce kuɗin takardar takararka kaɗai
sun isa su rufe azuzuwa shida da kwano."

Na zaci yaron zai sunkuyar da kai.
Bai sunkuyar ba.

"Baba, ina ganin girman tabonka,
amma tabo ba ya kawo ruwa a famfo.
Kun karɓo mana ƙuri'a, mun gode,
sai kuka zauna gadin jiya
kamar mai tsaron rijiyar da ta ƙafe.
Abokina a Batsari ya sayar da gona
don ya fanso uwarsa daga daji.
Mai taka mu yau ba ya neman a tuɓe masa takalmi,
yana cikin takarda, yana cikin lissafi,
sa hannu guda ya cinye asibiti.
Kun san ƙofar kurkuku, ni ta ofis nake nema.
Duk wanda ya taso, ku ce bai sha wuya ba.
Sai an binne mu za mu isa?"

Shiru. Har akuyar maƙwabta ta daina tuƙa.
Wayar ta yi duhu a hannuna.

Baba ya laluba ƙarƙashin benci,
ya jawo tsohon tef ɗin awo, lambobin sun koɗe.
"Miƙe."
Ya gwada kafaɗa, hannunsa na rawa,
ya gwada ƙirji, ya daɗe a wurin.
"Rigar da kake nema ta fi ka.
Mu ma ta fi mu, ba mu dai faɗa ba.
Aljihu nawa a wannan da ka sa?"
"Huɗu."
"Na yi wa manya ɗinki shekara arba'in.
Daga aljihu riga ke fara mutuwa."

Bai sa albarka ba, bai hana ba.
Ambulan da aka tura ƙarƙashin tabarma
ya sa jikansa ya bi mota da ita a guje.
Daren nan na ji shi yana juyi,
yana kiran sunayen abokan da suka riga shi,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman shawara.

Ran zaɓe ya riga ladan tashi.
Na riƙe shi har firamare, layi ya kai bakin titi,
aka ce tsoho ya wuce gaba, ya ƙi.
Da ya fito, babban yatsa ya yi shuɗi,
na ce, "Baba, wa ka dangwala wa?"

Ya dube ni ta saman tabarau.
"Ɗiyata, wannan tambaya taki,
don kada a yi mini ita ma na sha bulala."