Takalmin Hagu

Shafi goma sha ɗaya ya ajiye mini a tebur,
Remberto Tarqui, ɗan aji huɗu,
mai zama can baya kusa da taga
inda dutsen Illimani ke leƙo mu da farar hularsa.

Yana son ya binciki masu goge takalma na birnin La Paz,
waɗanda ke rufe fuska da hular ulu,
ido kawai a waje.
Me ya sa suke ɓuya, kuma daga wa?

Na ɗauki jan biro, sana'ata ce shekara ashirin da uku.
Tambaya biyu ce wannan, na rubuta a gefe,
taura biyu ba ta taunuwa, zaɓi ɗaya.
Ka ce mutum arba'in za ka tambaya.
Arba'in daga ina?
Na bakin cocin San Francisco
ba su ne na tashar motar El Alto ba.
Wata shida ka ɗiba, kuɗin mota ba ka lissafa ba.
Littattafan da ka jero kuwa,
rabinsu an rubuta su ne a garuruwan
da ba a durƙusa wa takalmin kowa a titi.

A shafi na takwas na danna har biro ya huda takarda:
Wanda ya ɓoye fuskarsa ga maƙwabcinsa,
ta yaya zai buɗe maka cikinsa?
Takardar amincewa, da wane suna zai sa mata hannu?

Ranar kare tsari sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa.
Dakta Nélida Apaza na damana da takardar maki:
fayyace matsala ashirin, hanyar bincike talatin,
kare mutuncin waɗanda za a tambaya ashirin da biyar,
saura na tsari da lokaci.
Na maimaita masa tambayar shafi na takwas
da muryar wanda ya riga ya san babu amsa.

Bai dubi fuskata ba. Ƙarƙashin tebur ya duba.

Malam, ya ce, takalminka na hagu
ya fi cinyewa ta wajen dunduniya.
Ba ka son baƙin mai, sai ruwan ƙasa mai duhu.
Kowace Alhamis, bakwai da rabi,
jarida a gabanka, ba ka taɓa sauke ta ba.
Canji kana bari, wannan gaskiya ne.

Na ja ƙafata baya, kamar ta taka garwashi.

Nélida ce ta fara samun baki.
To ka rubuta haka a ciki, ta ce,
ɗan gida ma da irin tasa makantar,
mai karatu ya san daga inda kake kallo.
Ya ce: in na rubuta, na cire hulata ke nan,
kuma masu zama kusa da akwatina su shida ne,
duk wanda ya gane ni ya gane su.

Babu gurbin wannan a takardar maki.
Muka juya ta, muka duba bayanta, fari fat.

Saba'in da huɗu muka ba shi,
da sharaɗin ya rage tambaya, ya ƙara wata biyu,
ya sauya sunaye, ya sauya har kusurwar titi.
Batun kansa muka bar masa a hannu.
Jan rubutuna na shafi na takwas
na so in goge, biro ba ya gogewa.

Yau Alhamis.
Su huɗu ne jere a gindin bango,
hula iri ɗaya, ido takwas.
Na miƙa ƙafa ga na farko da ya buga akwati.
Jaridar tana hammatata a naɗe.
Ban tambaya ba.
Ya fara da na hagu.